Ko Ka Sani? Na'urar Gwajin Mota Ita Ma Sai An Tantance Ta

Ƙarƙashin sitiyarin yawancin motocin zamani akwai wani soket mai ramuka 16. Nan makanike ke jona kebul ya ji abin da ke damun ƙwaƙwalwar mota. Amurka ta wajabta wannan tsari na OBD-II tun 1996, Turai ta bi sahu a 2001 kan motoci masu shan fetur, shi ya sa tokumbon da ke cika garejin Kano da Maraɗi ke zuwa da shi.

Sai dai sau tari a jona, manhajar gwajin da ke kwamfuta ta turje, ta ce ba ta san na'urar ba ko lasisi bai inganta ba. A nan laifin ba na mota ba ne. Kafin manhaja ta ce wa mota uffan, sai ta tantance kwamfutar da aka ɗora ta a kai da kebul ɗin da aka jona.

FORScan, wadda masu gyaran Ford da Mazda ke ji da ita, tana ɗaure cikakken lasisinta da wata lambar shaida da take samowa daga kwamfutar. A sauya muhimmin kayan ciki, lambar na iya sauyawa, sai manhajar ta ɗauka baƙuwar kwamfuta ce, dole a nemi sabon lasisi. Ita kuwa VCDS ta kamfanin Ross-Tech, mai duba Volkswagen da Audi, cikin kebul ɗin ta ajiye lasisinta.

Inda gizo ke saƙa shi ne kayan jabu. Kamfanin Elm Electronics na Kanada ya fitar da ƙwayar lantarki ta ELM327 ta farko, wadda ake sawa cikin kebul ɗin gwaji, ba tare da kulle ta ba, aka kwafe ta, kwafin ya mamaye kasuwa da araha. Da yawansu na kiran kansu v1.5, alhali kamfanin bai taɓa fitar da wannan lamba ba. A Oktoban 2014 kuma, kamfanin FTDI na Sikotland ya saki wata sabuntawa ta Windows wadda ke mayar da lambar shaidar jabun ƙwayoyinsa da ke cikin kebul zuwa 0000. Kebul ya kwana yana aiki, ya wayi gari kwamfuta ba ta gane shi. Masu saye da yawa ba su ma san jabu aka sayar musu ba, kuma hukunta su a kan haka zalunci ne. Da ƙorafi ya yi yawa aka janye sabuntawar.

Gogaggen makanike kan fara da ƙananan abubuwa: ko an murɗa makulli, ko Windows na ganin kebul ɗin, ko kwanan watan kwamfuta daidai yake, tunda lasisi mai wa'adi da shi yake lissafi. Sannan ya duba fiyus. Rami na 16 na soket ɗin gwaji ne ke kawo wutar batir, kuma a motoci da dama fiyus ɗaya yake sha da soket ɗin cajin waya.