Eyam: Ƙauyen da ya killace kansa don ceton maƙwabta

A gundumar Derbyshire ta ƙasar Ingila akwai wani ɗan ƙauye mai suna Eyam, wanda ya yi suna saboda sadaukarwar mutanensa.

A shekarar 1665 ne aka kawo wa telan ƙauyen ƙunshin yadi daga Landan, inda annoba take ta hallaka jama'a. An yi imanin cewa ƙumar da ke cikin yadin ce ta kawo cutar. Mataimakin telan, George Viccars, shi ya fara mutuwa.

Da abin ya yi ƙamari a 1666, limamin coci William Mompesson da tsohon limami Thomas Stanley suka shawo kan jama'a: ba shiga, ba fita. Maƙwabta kan ajiye abinci a bakin iyaka, mutanen ƙauyen kuma su bar kuɗinsa cikin ramukan dutse masu ruwan tsami.

Kimanin mutum 260 suka rasu. Elizabeth Hancock ta binne mijinta da 'ya'yanta shida cikin kwana takwas.

Har yau, duk Lahadin ƙarshe ta watan Agusta, ana taron addu'a a kwarin Cucklett Delf don tunawa da su.