Yadda ƙananan ƙungiyoyin kiɗa ke ɗauka da tace bidiyon waƙa

Duk ƙungiyar kiɗan da ba ta da wani babban kamfani a bayanta, da guminta take biyan kuɗin situdiyo, hayar kaya da ladan mai ɗaukar hoto. A wurin irin wannan ƙungiya, bidiyon waƙa guda ɗaya yana iya lashe abin da aka tara a wasanni da bukukuwa na watanni, kuma yawanci a yini ɗaya ake ɗaukarsa. Idan yinin ya lalace, kuɗin sun tafi ke nan. Duk da haka ba su da makawa, domin masu shirya bukukuwan kiɗa a ƙasashen waje da masu neman mawaƙa a gida kan fara duba bidiyo kafin su aika da gayyata.

Bidiyon waƙa iri-iri ne. Akwai mai ɗauke da labari kamar gajeren fim, akwai kuma wanda ake nuna mawaƙa da makaɗa suna gudanar da waƙar kawai, kowa riƙe da kayan kiɗansa. Wannan na biyun shi ne ƙananan ƙungiyoyi suka fi runguma, saboda ba ya buƙatar jarumai, sutura masu yawa ko yawon lokeshin.

Daga talabijin zuwa wayar hannu

Tashar MTV da ta fara watsa shirye-shirye a Amurka ranar 1 ga Agusta, 1981, ita ce ta mayar da bidiyon waƙa hajar kasuwa, amma ƙofarta ta fi buɗuwa ga mawaƙan manyan kamfanoni. Zuwan YouTube a 2005 ya sauya lissafin. A 2006 ƙungiyar OK Go ta Amurka ta saki bidiyon da aka ɗauka da kyamara ɗaya a tsaye, ba tare da yanka ko sau ɗaya ba, inda mutum huɗu ke rawa a kan injinan gudu na motsa jiki. Bidiyon ya bazu a intanet, ya kuma samu lambar yabo ta Grammy a 2007. A 2008 gidan rediyon NPR da ke Washington ya soma shirin Tiny Desk, inda mawaƙa ke wasa a bayan teburin ofis, kuma a yau har manyan taurari na neman shiga.

A maƙwabciyarmu Nijar ma an ga irin wannan tafiya. Makaɗin jita Mdou Moctar ya naɗi faifansa na farko mai suna Anar a Sakkwato a 2008, waƙoƙinsa suka riƙa yawo daga waya zuwa waya a yankin Sahel. Daga nan ne wani ƙaramin kamfani na Amurka, Sahel Sounds, ya saka ɗaya daga cikinsu a wani tarin waƙoƙin wayar hannu da ya fitar a 2011. A 2015 aka saki fim da harshen Tamashek da aka ɗauka a Agadas, wanda shi ne jaruminsa. Zuwa 2021 ya fitar da faifan Afrique Victime a ƙarƙashin kamfanin Matador. A kowane mataki, ganinsa da jita a hannu ya taimaka wajen gamsar da waɗanda a da sautinsa kawai suka sani.

Sauti ne ke gaba

Abin da yawancin 'yan kallo ba su sani ba shi ne, a mafi yawan irin waɗannan bidiyoyi, sautin da ake ji ba a wurin ɗaukar hoto aka naɗe shi ba. An riga an kammala waƙar a situdiyo. A ranar shutin sai a kunna ta a lasifika, mawaƙi ya riƙa bin ta da baki, makaɗa kuma su bi ta da hannu. Wannan ne ya sa dole a gama aikin sauti gaba ɗaya kafin a kira mai kyamara. Idan aka ƙara baiti ko aka sauya saurin kiɗan bayan an ɗauki hoto, baki da murya ba za su sake haɗuwa ba.

Ƙwararru kan nemi mawaƙi ya rera waƙar da murya sosai, kada ya tsaya motsa leɓe kawai, domin kyamara na kama jijiyar wuya da numfashi, kuma ido na gane wanda ke kwaikwayo. Ganga ita ce matsala babba, saboda ƙararta kan danne lasifika har sauran su ɓata bugu. Shi ya sa ake rufe fatarta da abin rage ƙara, ko a saka wa makaɗin ƙaramar na'urar sauraro a kunne. Nisan lasifika ma abin lura ne. Sauti na tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa guda, saboda haka wanda ke tsaye mita 34 daga lasifika zai ji waƙar a makare da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, kuma wannan ɗan jinkiri ya isa ya bayyana a fuskar talabijin.

Akwai hanya ta biyu, wato a naɗi sauti da hoto a lokaci guda kamar yadda ake yi a Tiny Desk. Ta fi nuna ainihin gwanintar ƙungiya, amma tana buƙatar makirufo ga kowane kayan kiɗa da kuma wuri mai shiru. A garuruwanmu, inda janareta ke ruri a bayan kowane gini, wannan na nufin doguwar waya da za ta nisanta injin daga wurin aiki, ko kuma dogaro da batir da inbata.

Ranar ɗauka

Mai kallo kan ɗauka cewa kyamarori biyar ko shida ne suka kewaye mawaƙan. Sau da yawa kyamara ɗaya ce tak, waƙar ce ake maimaitawa. Ana farawa da ɗauka mai faɗi wadda ta haɗa kowa da kowa daga farkon waƙa zuwa ƙarshenta, domin ita ce madogara idan sauran sun gaza. Sai a matso kusa da mawaƙi, sannan mai jita, mai ganga da sauransu ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshe a ɗauki ƙananan abubuwa kamar yatsu a kan tsirkiya, ƙafa a kan feda da gumi a goshi. Ƙungiya mai mutum huɗu da waƙar minti huɗu tana iya maimaita ta sau 15, wanda ya kama sa'a guda ta hoto, amma sauya fitilu da matsar da kaya kan cinye yinin baki ɗaya.

A farkon kowace ɗauka ana buga allo ko a tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara. Wannan tafi shi ne alamar da mai tacewa zai daidaita hoto da sauti da ita. Ana kuma barin makirufon kyamara a buɗe ko da ba za a yi amfani da sautinsa ba, saboda manhajar tacewa na bin sawunsa wajen daidaitawa.

Batun haske ya fi tsadar kyamara muhimmanci. Wanda ba shi da kuɗin hayar fitilu yana da hantsi da kuma la'asar sakaliya, lokacin da rana ke yin laushi, amma lokacin gajere ne, dole a shirya komai tun kafin ya zo. Rana tsaka tana jefa inuwa a ƙarƙashin idanu. A cikin ɗaki kuwa, wutar lantarkin Najeriya da Nijar na juyawa sau 50 a daƙiƙa, don haka ake saita kyamara a kan hoto 25 ko 50 a daƙiƙa. Idan aka bar ta a kan 30 ko 60, tsarin da ya dace da wutar Amurka, wasu fitilun kan riƙa ƙyaftawa a cikin hoton, kuma gyaran wannan daga baya yana da wahala.

Akwai wata dabara da ake yi idan ana son jiki da tufafi su riƙa motsi a hankali alhali baki na tafiya daidai da waƙa. Ana ninka saurin waƙar sau biyu a lasifika, a ɗauki hoto 50 a daƙiƙa, mawaƙi ya bi ta da wannan sauri. Idan aka mayar da hoton 25 a daƙiƙa a kwamfuta, motsi ya ragu da rabi, baki kuma ya koma daidai da ainihin waƙar.

A teburin mai tacewa

Kafin a taɓa komai, ana kwafe hotunan a wurare biyu daban, domin katin ajiya kan lalace ba tare da sallama ba. Daga nan mai tacewa zai shimfiɗa waƙar ta situdiyo a ƙasa, ya jera dukkan ɗaukar a samanta, kowace a daidai gurbinta. Manhajoji irin su Adobe Premiere Pro da DaVinci Resolve, wadda ke da nau'in kyauta, suna ba shi damar kallon su gaba ɗaya a lokaci guda yana zaɓa, tamkar dai kyamarori da yawa ne suka yi aikin.

Kiɗa ne ke nuna inda za a yanka. Idan waƙa na da bugu 120 a minti, kowane bugu rabin daƙiƙa ne, zagayen bugu huɗu kuma daƙiƙa biyu, wato hoto 50. Mai tacewa na iya sauya hoto a kan bugun, amma idan ya yi haka a kowane zagaye, mai kallo zai fara hasashen yankan ya gaji. Gwanaye kan bar hoto ya daɗe a baitoci, su ƙara sauri a amshi, su kuma tabbatar da cewa duk wanda kayan kiɗansa ya yi fice a wani gurbi, shi ake gani a wannan lokaci. Kuskuren da makaɗa ke saurin ganowa shi ne a nuna hannun mai ganga yana sauka a inda ba a ji bugu ba.

Mataki na ƙarshe shi ne gyaran launi, inda ake daidaita hoton safe da na yamma su zama kamar a lokaci guda aka ɗauke su, tare da kula da kada launin fata ya ɓaci. Sannan a fitar da bidiyon a siffa biyu, mai faɗi domin YouTube da talabijin, da kuma gajeru a tsaye domin TikTok, Instagram da WhatsApp. Wanda ya san haka tun farko zai bar fili a gefen hoto yayin ɗauka, don kada a yanke wa mai jita hannu.

Takarda kafin kyamara

Yawancin rigingimun da ke biyo bayan bidiyo sun shafi kuɗi da mallaka. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a 2023, ta ɗauki waƙa, sautin da aka naɗa da kuma bidiyo a matsayin ayyuka daban-daban, kowanne da mai shi. Saboda haka ya kamata a rubuta tun farko wa ya mallaki bidiyon, wa zai riƙe hotunan da ba a tace ba, sau nawa za a yi gyara kafin a ƙara kuɗi, da kuma shafin da za a ɗora shi. Wannan na ƙarshen yana da nauyi, domin cikakken tsarin rabon kuɗin talla na YouTube na neman shafi ya tara mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 a cikin watanni 12, kuma mai shafin ne ake biya.

Sai batun izini. A Kano, Hukumar Tace Finafinai ta jihar, wadda aka kafa a 2001, tana sa ido kan finafinai da waƙoƙi, tashi da kyamara mai tashi sama kuma na buƙatar amincewar hukumomin jiragen sama da na tsaro. Mai gidan da aka yi haya, da duk wanda fuskarsa ta fito sosai a hoto, su ma a nemi yardarsu a rubuce. Hausawa na cewa da muguwar rawa gara ƙin tashi, kuma ƙungiyar da ta kammala waƙarta, ta yi atisaye, ta rubuta jerin abin da za a ɗauka tare da sa hannu a yarjejeniya, ta rage wa kanta mafi yawan haɗarin da ke cikin wannan yini guda.