Me ya sa cinikin hannun jari na yini guda ke jefa mutane cikin fargaba?

Masu sayen hannun jari da safe su sayar kafin a tashi kasuwa kan wuni idonsu na kan waya, gabansu na faɗuwa duk sa'ad da farashi ya motsa.

A wani bincike da aka wallafa a 2008, masana daga Jami'ar Cambridge sun bibiyi dillalai 17 a Landan tsawon kwana takwas. Sun gano cewa sinadarin cortisol, wanda jiki ke fitarwa idan hankali ya tashi, yana ƙaruwa ne idan farashi na hawa da sauka, ko da ba a yi asara ba. Wato rashin tabbas ɗin kansa ne ke cin rai.

Babban haɗarin kuwa na zuwa ne bayan asara, lokacin da mutum ke gaggawar zuba ƙarin kuɗi don maido da abin da ya rasa, ya ƙara dulmiya.

Shi ya sa gogaggun dillalai ke gindaya wa kansu iyaka tun kafin a buɗe kasuwa: yawanci ba sa kasadar fiye da kashi 1 ko 2 cikin 100 na jarinsu a ciniki guda. Da asarar ranar ta kai iyakar da suka ɗiba, sai su rufe kwamfuta sai gobe.