Rajistar Masu Zaɓe da Tsarin Kaɗa Ƙuri'a a Karkara

1.0 Gabatarwa

A yawancin ƙauyukanmu harabar makarantar firamare ake mayarwa rumfar zaɓe, kuma malamin makaranta ake nufa da duk wata takardar hukuma da ta shige wa jama'a duhu. Don haka ya wajaba ɗalibi mai shirin zama malami ya san matakan zaɓe da kalmomin da Hausa ke bayyana su da su. Abin lura tun farko shi ne, mutumin karkara kan yi asarar ƙuri'arsa watanni kafin ranar zaɓe, wato tun a lokacin rajista.

2.0 Muhimman Kalmomi

Kalmar "zaɓe" ta samo asali daga aikatau "zaɓa", kuma daga tushen nan aka ƙirƙiro "mazaɓa". "Ƙuri'a" aro ce daga Larabci, "rajista" da "kati" kuwa daga Ingilishi. Akwai kuma ƙirƙirar jama'a, irin su "ƙato-bayan-ƙato", wato tsarin yin layi a fili domin a ƙirga kawuna, wanda aka yi amfani da shi a zaɓen ƙananan hukumomi na 1990.

3.0 Rajista

Hukumar Zaɓe Mai Zaman Kanta ta Ƙasa, INEC, wadda aka kafa a 1998, ita ke da alhakin rajistar masu zaɓe a ƙananan hukumomi 774 na Nijeriya. A 2021 ta ƙara yawan rumfunan zaɓe zuwa 176,846 domin kusanto da su ga jama'a.

Duk ɗan ƙasa da ya cika shekara 18, namiji ko mace, yana da haƙƙin yin rajista a inda yake zaune ko yake aiki ko inda ya fito. Dole mutum ya je da kansa, domin za a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Miji ba ya yi wa matarsa, mai unguwa ba ya yi wa talakawansa. Daga bisani hukumar kan kafe sunaye domin jama'a su duba, a gyara sunan da aka rubuta ba daidai ba, a kuma cire na waɗanda suka rasu. Mataki na ƙarshe shi ne karɓar katin zaɓe na dindindin.

Matsaloli uku ke addabar karkara a wannan mataki. Ta farko nisa da lokaci: cibiyar rajista kan kasance a hedikwatar ƙaramar hukuma ko ta mazaɓa, kuma rajistar da aka yi gabanin zaɓen 2023 an rufe ta ne ranar 31 ga Yuli, 2022, tsakiyar damina, lokacin da manomi ba ya iya barin gona. Ta biyu maimaita rajista: wanda katinsa ya ɓata ko ya sauya gari kan sake sabuwa, alhali abin da ya dace ya nemi a sake masa kati ko a mayar da sunansa sabon mazauninsa. A 2022 hukumar ta soke sababbin rajista fiye da miliyan 2.7 daga cikin miliyan 12.2, kuma maimaitawa na cikin manyan dalilai. Ta uku rashin karɓar kati: daga cikin mutum miliyan 93.4 da ke cikin kundin 2023, fiye da miliyan 6 ba su karɓi nasu ba.

4.0 Ranar Zaɓe

A zaɓen 2023 an bi waɗannan matakai:

(a) Tantancewa: mai zaɓe ya miƙa katinsa, na'urar BVAS ta tabbatar da shi ta zanen yatsa ko ta fuska. Tantancewa ta fuska ta taimaki manoma da tsofaffi waɗanda aikin ƙarfi ya shafe musu zanen yatsu.

(b) Layi: Dokar Zaɓe ta 2022 ta umarci shugaban rumfa ya raba layin maza da na mata a inda al'ada ba ta yarda da cakuɗuwa ba. Ana gabatar da tsofaffi da masu juna biyu da masu buƙata ta musamman.

(c) Dangwale: mai zaɓe ya keɓe, ya dangwala yatsa a gurbin alamar jam'iyya ɗaya tak, ya naɗe takardar, ya jefa a akwati a gaban jama'a. Wanda ya dangwala wa jam'iyyu biyu, ƙuri'arsa ta lalace.

(d) Ƙidaya: a nan rumfar ake ƙirga ƙuri'u da babbar murya, a rubuta sakamako, wakilan jam'iyyu su sa hannu su karɓi kwafi, sannan a kai cibiyar tattara sakamako ta mazaɓa.

5.0 Kammalawa

Matan Arewacin Nijeriya ba su sami damar kaɗa ƙuri'a ba sai a 1976, bayan gwagwarmayar irin su Hajiya Gambo Sawaba. Haƙƙin da aka sha wuya kafin a samu bai kamata ya salwanta saboda rashin sani ba. Aikin malami shi ne ya sanar da iyayen yara lokacin rajista, ya taya su duba sunayensu, ya nuna musu yadda ake dangwale, ba tare da ya faɗa musu wanda za su zaɓa ba. Da zarar ya nuna ɓangare, amanar da ta sa ake kawo masa takarda ta zube.

Tambayoyi

1. Kawo kalmomin zaɓe biyar, ka bayyana asalin kowace.
2. Wace shawara za ka ba wanda katinsa ya ɓata?