Wasiƙar intanet, allon koyon tsara rubutu

Tun watan Maris na 2025, lokacin da kundin sabunta ƙasa ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, nauyi ya ƙaru a kan sakatarori da masu fassara da malaman yaƙi da jahilci. Duk takardar Hausa da ta fita daga biro, a Maraɗi ne ko Damagaram ko Tawa, da ita jama'a za su auna aikinmu. Ba kowa ne zai samu zuwa horo a Yamai ba. Amma duk mai manhajar aika wasiƙa cikin kwamfutarsa yana da allon koyo a hannu, ko bai sani ba.

Dalili kuwa, wasiƙar da aka ƙawata da shafin intanet uwa ɗaya uba ɗaya suke. Duka biyu da ƙa'idar HTML ake gina su, wadda Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro a cibiyar bincike ta CERN, kusa da Janeba, wajen 1990. Ƙa'idar ba wuya gare ta: ana sa magana tsakanin alama biyu, ta buɗewa da ta rufewa. Kalmar da ta shiga tsakanin <b> da </b> sai ta yi kauri. <I> na karkatar da ita. <P> na buɗe sakin layi. <H1> na yin babban kai.

A ɗauki Thunderbird, manhajar kyauta da Mozilla ta fitar a 2004. A buɗe sabuwar wasiƙa, a shiga Insérer, a zaɓi HTML, a rubuta alamun da hannu, nan take za a ga yadda suka fito. Sa'an nan mutum ya aika wa kansa wasiƙar, ya buɗe ta, ya danna Ctrl da U: cikin wasiƙar zai bayyana, alama bayan alama. Wanda ya manta rufe <b> zai ga sauran rubutunsa duk ya yi kauri, kuma ba wanda ya gani sai shi.

Inda gizo ke saƙa shi ne wajen duba kure. Mai duba rubutu da ke cikin manhajar ba ya jin magana. Jerin kalmomi ne kawai gare shi, abin da bai samu ciki ba sai ya ja masa jan layi. Da yake a birorinmu kan Faransanci aka ɗora shi, wasiƙar Hausa takan fito ja wur daga sama har ƙasa. Wasu sai su kashe shi baki ɗaya. A ganina gara a lallaɓa shi: duk kalmar da aka tabbatar da rubutunta, a danna ta da maɓallin dama, a ƙara ta cikin ƙamus. Sannu a hankali ja na raguwa, abin da ya rage shi ne abin dubawa. Amma fa a kula, kalmar da aka ƙara da kure, na'ura za ta riƙa karɓar ta kullum a matsayin daidai.

Ko ƙamus ya cika, akwai kuren da ba zai gani ba, wato na baƙaƙe masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ, ƴ. Kasa da ƙasa duk kalmomi ne, haka bari da ɓari, haka kara da ƙara. Sanarwar da ta ce a kai kara gaban alƙali ba za ta sha jan layi ba, sai dai ta sha dariya bakin kasuwa. A zamanin keken rubutu da stansil, da alƙalami ake bi ana ƙara lanƙwasa ɗaya bayan ɗaya. Yau tsarin Unicode, wanda ya fito a 1991, ya ba kowane baƙin nan lambarsa, saboda haka uzuri ya ƙare. Idan sun isa wurin mai karɓa kamar alamar tambaya ko ɗan akwati, a duba ko wasiƙar na kan UTF-8, a kuma gwada wani fasalin baƙi.

Saura ƴ. Makwabtanmu na Najeriya 'y suke rubutawa, ƙa'idar rubutun Hausa ta Nijar ta 1999 kuwa ƴ ta ajiye. A wurin na'ura ƴaƴa da 'ya'ya kalmomi biyu ne daban. A takardar hukuma ta farkon za a shigar cikin ƙamus.