Ruwan Azurfa: Yadda Tagulla Ke Sa Farar Riga

Duk wanda ya shiga Kasuwar Kurmi a cikin birnin Kano zai ga mundaye da zobba da sarƙoƙi farare tas. Kasuwar nan tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499) take ci. A da, maƙeran fari sukan narke dalar Mariya Tereza, wadda ke ɗauke da shekarar 1780, su ƙera kayan ado. Kashi 833 cikin 1,000 na dalar nan azurfa ce. Yanzu kuwa kaya da yawa tagulla ce aka yi mata ruwan azurfa. Uban da zai haɗa lefe ya kamata ya san bambancin.

To, yaya ake wannan aiki? A shekarar 1840 George da Henry Elkington na birnin Bamingam a Ingila suka sami takardar mallakar dabarar. Wani likita, John Wright, shi ne ya gano ruwan da ya dace.

Da farko akan wanke abin sarai, gama azurfa ba ta kama wurin da ke da maiƙo. Sa'an nan a tsoma shi cikin ruwan da aka narkar da gishirin azurfa da sinadarin sayanayid. A ɗaura shi a wayar batir mai alamar ɗebewa, a ɗaura sandar azurfa a waya mai alamar tarawa. Da wutar lantarki ta bi, sai ƙwayoyin azurfa da ke cikin ruwan su nufi abin, su manne masa. Sandar kuma tana narkewa kaɗan kaɗan, tana mayar wa ruwan abin da ya rasa. Michael Faraday ya nuna cewa yawan ƙarfen da zai manne yana bin yawan wutar da ta wuce. Amfiya 1 cikin awa 1 tana ajiye azurfa wajen giram 4.

Amfanin sayanayid shi ne yana riƙe azurfar, yana sakinta sannu sannu, don ta kwanta sumul. In babu shi, sai ta taru kamar toka, ta kakkaɓe. Amma fa guba ne mai kisa, irin wanda ke cikin ɗanyen rogo mai ɗaci. In ya haɗu da asid yakan fitar da iska mai hallaka mutum. Saboda haka kada yara su gwada wannan a gida.

Rigar azurfar nan ba ta kai kaurin gashin kai ba. Shi ya sa munduwa takan koɗe, launin tagulla ya fito. Mai saye ya duba hatimi. Lamba 925 tana nufin kashi 925 cikin 1,000 azurfa ce. Haruffan EPNS kuwa suna nufin ruwan azurfa ne bisa garwayen jan ƙarfe da nikel da tutiya. Akan yi hatimin jabu, don haka a tambayi maƙerin da aka amince da shi.

In azurfa ta yi baƙi, farar wuta ce da ke cikin iska ta haɗu da ita. Uwargida, kada ki dirje da toka ko yashi, za ki cinye rigar. Ki shimfiɗa takardar alminiyum a kwano, ki zuba ruwan zafi da 'yar kanwa, ki sa kayan su taɓa takardar. Baƙin zai bar su, sai ki ɗauraye ki shanya.