Ko Kun Sani?

Waakye, abincin da ake yi wa dogon layi da safe a unguwannin Nima da Maamobi na birnin Accra a Gana, sunansa Hausa ne tsantsa: “wake”, daga shinkafa da wake. A rubutun harshen Akan, “ky” tamkar “c” ɗinmu ce, shi ya sa ake kiransa “wace”. Jan launinsa ba na manja ba ne. Busasshen ganyen jar dawa ake jefawa a tukunya, dangin karan dafin da dukawan Kano ke rina fata da shi, a ɗan barbaɗa kanwa don wake ya yi laushi. Hausawan da suka ya da zango a Gana ne suka bar sunan. Hatta taliyar da ake ɗorawa a kai, “talia” mutanen Accra ke ce mata.